Ajin Linux na ranar Asabar: rabin kuɗina ne ya fita

Daga ƙauyenmu na bayan Ringim nake shiga ajin nan na WhatsApp, sai na hau dakalin masallaci kafin sabis ya kama. Kuɗin ajin kuwa ba na wasa ba ne.

A mako na uku na rubuta ɗan modul na kanel, wato ƙaramar manhaja da ake ɗorawa a kan zuciyar Linux, na dasa char buf[4096], ma'aji mai bayit 4096, cikin fankshan. GCC, manhajar da ke mayar da kod zuwa yaren kwamfuta, ta fara ƙorafi wai abin da na ɗora wa sitak, wato ɗan memorin da fankshan ke ajiyar wucin gadi a ciki, ya haura bayit 2048. Modul kuwa yana hawa lafiya lau da insmod, umarnin ɗora modul, sai na ce ai gargaɗi ne, har na fara neman yadda zan toshe wa GCC baki a Makefile, fayil ɗin umarnin haɗa kod. Ina tura hoton allo, Malam ya kira ni da katinsa. Wallahi ban zata ba.

"Ɗalibi, kar ka kuskura," ya ce. Wai sitak ɗin kanel a x86-64 kilobayit 16 ne kacal, ba kamar manhajar yau da kullum mai megabayit 8 ba, ni kuma na cinye kwata a zama ɗaya. Ya sa na koma kmalloc, fankshan mai ware memori a wajen sitak, na saka linux/slab.h, na duba NULL in mayar da -ENOMEM idan ba a samu memori ba, sannan kfree a ƙarshe don sakin memorin. Har %d da na ba printk, fankshan mai buga saƙon kanel, don girman ma'ajin ya sa na mayar %zu, wani gargaɗin ma ya ɓace. Ran nan har abokaina biyu na tura masa.

To amma fa a cikin alamomin da ake ba kmalloc don gaya mata yadda za ta nemo memori, GFP_KERNEL Malam ya miƙa mana kamar ita kaɗai Allah ya yi. Na kira kmalloc da ita ina riƙe da spinlock, wani makulli na cikin kanel, GCC ba ta ce uffan ba. Sau tara abu ya yi aiki, a na goma memori ya matse, kwamfuta ta sandare. Batirinta dama ya mutu, a shagon mai caji nake zama ina biya, ga aikin yini da ban adana ba. Na ce, "Malam, don Allah a duba mini." Kwana uku shiru.

Da kaina na tono a takardun kanel cewa GFP_KERNEL tana iya barci tana jiran memori, mai riƙe da spinlock kuwa bai kamata ya yi barci ba. Mafita: ko GFP_ATOMIC wadda ba ta barci, ko ka ware memorin kafin ka kama makulli. Da Malam ya ambaci CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, saitin kanel mai kama irin wannan kuskure, da dmesg mai nuna saƙonnin kanel ta tona asirin tun ranar farko. Kuma wane malami ne zai bar ɗalibai suna gwajin kanel a kan kwamfutarsu tilo, bai ce su kunna QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta, ba?

Na tuna ma, Asabar biyu bai zo ba, wai ba wuta. Mu nan rabonmu da wuta tun damina. Na nemi kuɗin ranakun biyun, saƙon ya yi shuɗi tun Talata.