Hayar kwamfuta a Landan daga ƙasar Gumel: abin da na gani

Duk mai cinikin zinare ko kuɗin ƙasashen waje ta intanet ya san ciwon nan: ka ga farashi, ka danna, kafin oda ta isa wurin dillali farashin ya gusa. A birni ma ana fama da shi, balle mu da ke zaune tsakanin Gumel da Maigatari, inda sabis yake da ƙarfi da asuba, ya yi sanyi da yamma idan kowa ya hau, wuta kuwa sai abin da sola ta tara. Wannan ne ya sa kafin faɗuwar damina na kama hayar ƙaramar kwamfuta a gajimare, wato a kan injinan wani kamfani da ake shiga ta intanet, irin wadda ake kira VPS, na ɗora mata manhajar ciniki ta MetaTrader 5 da robot ɗina mai saye da sayarwa da kansa. Sunan kamfanin ba shi da muhimmanci, suna da yawa, kuma kusan tafiyarsu ɗaya.

Abin da suke talla da shi gudu ne, kuma a nan ba su yi ƙarya ba. Haske a cikin wayar faiba yana cin kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ba wanda ya isa ya ƙara masa sauri. Odar da na tura daga ɗakina sai ta hau turken sabis, ta gangara Legas, ta shiga wayar ƙarƙashin teku. Glo-1 kaɗai, daga Legas zuwa Ingila, ta kusa kilomita 10,000, wato zuwa da dawowa ya doshi milisakan 100 tun ba a sa cunkoso a lissafi ba. Daga gida nakan ga 180, wani lokaci ya haura 300. Daga kwamfutar hayar kuwa 2 ko 3 nake gani, domin tana zaune ne a kusa da Slough, yamma da Landan, inda cibiyar ajiye injinan kwamfuta ta Equinix LD4 take, kuma nan ne dillalai da yawa suke ajiye injinansu. Kamar mutum ne ya tsayar da yaronsa a gefen dillali a karar Maigatari ranar Alhamis, maimakon ya riƙa bugo waya daga gida yana tambayar nawa aka taya.

Amma fa sai ka tambayi dillalinka inda injinsa yake kafin ka biya ko kwabo. Idan nasa yana cibiyar NY4 a Secaucus ta Amurka, kai kuma ka kama haya a Landan, ka sa tekun Atilantika a tsakaninku, wayar da ta fi kowace sauri a can ma kusan milisakan 60 take ci zuwa da dawowa.

Sai dai ni ba gudun ne ya fi yi mini amfani ba. Rashin yankewa ne. A da idan hadari ya haɗo, batir ya yi ƙasa ko sabis ya ɗauke, robot ya mutu ke nan, oda tana buɗe ba mai tsaronta. Yanzu wayata tana iya mutuwa, shi yana can yana aiki. Rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda yake girgiza farashin zinare, yawanci Juma'ar farko ta wata yake fita, ƙarfe 1:30 ko 2:30 na rana agogonmu, ya danganta da lokacin shekara. Lokacin masallaci ke nan. Na sa wa robot dokar rufe komai kafin rahoton, kuma yana rufewa ko ina kusa ko ba na kusa. Waɗanda suka tuna watan Maris na 2024, da wayoyin teku irin su WACS da MainOne suka lalace intanet ya rikice a Afirka ta Yamma, sun san darajar a ce injinka yana can ƙetare.

Inda na ji haushi shi ne matakin mai araha da na fara da shi. Inji ɗaya ne ake yanka wa mutane da yawa, ba a kuma faɗa maka ku nawa ne. Matsakaicin jinkiri zai nuna maka milisakan 2, ka ji daɗi, amma daidai sa'ar da kasuwa ta yi zafi, kowa robot ɗinsa ya tashi, sai oda ɗaya ta maƙale ta yi jinkirin da ya ninka haka sau da yawa. Ita kuwa wannan ɗayar ce take cin riba. Wanda zai gwada, kada ya tsaya kan matsakaici, ya buɗe littafin bayanan manhajar ya nemo mafi munin jinkiri a lokacin buɗe kasuwar Landan da ta New York. Da na koma matakin tsakiya, mai keɓaɓɓen ƙarfi, abin ya lafa sosai. Sashen taimakonsu kuwa saƙon imel ne da Turanci, amsa sai an ga dama. Biya da dala ne, duk ranar da naira ta faɗi hayarka ta tashi.

Akwai wani ruɗi da nake so ƙannenmu su fita daga ciki. Wani yaro ya ce mini, "Yaya, ashe yanzu kun zama ɗaya da manyan bankuna." Ina! Mu milisakan muke ƙirgawa, su mikirosakan, kashi ɗaya cikin dubu na namu. Suna da manhajojin aika saƙo na musamman irin su Aeron, wadda Martin Thompson da Todd Montgomery suka ƙera aka sake ta kyauta a 2014, tana bin hanyar aika bayanai ta UDP don kauce wa jiran tabbatar da isar saƙo da hanyar TCP ke jawowa. Su kansu manyan kasuwannin a hankali suke shiga gajimare. Kasuwar CME ta Chicago ta ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da Google a 2021, Google ta zuba mata dala biliyan 1. Nasdaq ta mayar da kasuwarta ta MRX kan fasahar AWS, gajimaren kamfanin Amazon, a 2022, amma injinan a cikin cibiyar Nasdaq ɗin da ke Carteret aka girke su, don kada nisa ya shiga tsakani. Kwamfutar hayar dala goma sha wani abu ba ta cikin wannan tsere, kuma ba ta gyara robot mara kan gado. Idan dabararka ta asara ce, da sauri za ka yi asarar.

Maganar halaccin cinikin kansa kuma, da asusun da ba a ɗora masa kuɗin ruwa na kwana, wannan tsakaninka ne da malaminka, VPS ba ta da fatawa.

Wanda yake ciniki da hannu, yana riƙe oda kwana da kwanaki, ya adana kuɗinsa ya ƙara batir, milisakan 200 ba za su yi masa komai ba. Mai robot da ke zaune inda wuta da sabis ba su da tabbas, shi ne wannan haya ta dace da shi. Ni na sabunta a matakin tsakiya, wata-wata nake biya. Rangwamen shekara da suke ta turo mini ban karɓa ba tukuna, sai na ga inda dala za ta tsaya bayan kaka.