Gargaɗi ga iyaye da matasan Maradi: mai karɓar kuɗi da sunan NASA ɗan damfara ne

Assalamu alaikum jama'ar Maradi, musamman iyaye da ƴan uwana malaman makaranta.

Ni malamin kimiyya ne a wata makaranta a nan cikin gari, kuma shekara ta uku ke nan ina kula da wani ƙaramin zaure na WhatsApp wanda ya haɗa matasa masu sha'awar ilimin sararin samaniya. Mafi yawansu ƴan lise ne, wasu kuma suna Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Abin da ya fara haɗa su shi ne wasan kwamfuta mai suna Kerbal Space Program, inda mutum yake harhaɗa roka gaɓa bayan gaɓa, ya lissafa nauyinta da man da za ta sha, sannan ya harba ta. Idan lissafinsa bai yi daidai ba, rokar ta faɗo ko ta tarwatse a gabansa. Na ga yaran da ke gudun darasin lissafi sun zauna da biro da takarda saboda wannan wasa, shi ya sa abin da ya same mu ya yi mini ciwo ƙwarai.

Wata biyu da suka wuce wani mutum ya shigo zauren, ya ce shi ɗan ƙasa ne mai aiki a waje. Bai fara da maganar kuɗi ba, kuma a nan ne hatsarinsa yake. Ya yi makonni yana amsa tambayoyin yara da haƙuri. Ya san cewa iskar duniyar Kerbin ta cikin wasan tana ƙarewa a tsayin kilomita 70, ya san yadda ake karkatar da roka sannu a hankali har ta shiga falaki, ya kuma koya wa wani yaro yadda zai sauka a kan Mun, wato watan da ke cikin wasan, ba tare da mansa ya ƙare ba. Har kwatanci ya yi musu da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa tana kewaye duniya cikin kusan minti 90. Duk wannan gaskiya ne, kuma ni kaina na yaba masa a bainar jama'a. Na amince cewa yabon da na yi ya taimaka wajen sa yara suka saki jiki da shi, kuma ina neman afuwar iyayensu a kan haka.

Da ya ga ya samu shiga, sai ya koma bin yara ɗaya bayan ɗaya ta saƙon sirri, yana tallata musu abubuwa uku.

Na farko, ya ce yana da wasan na wayar salula a kan jika 3. Wannan wasa, wanda kamfanin Squad na ƙasar Meziko ya fara fitarwa a 2011 kuma ya kammala shi a 2015, ana buga shi ne a kwamfuta da na'urorin wasa irin su PlayStation da Xbox, kuma masu shi ba su taɓa yin na waya ba. Abin da ya aiko wa waɗanda suka biya wata manhaja ce da ba ta buɗe wasan komai, amma tana neman izinin karanta saƙonni da jerin lambobin da ke cikin waya. Wanda ke son irin wannan wasa a salula, akwai Spaceflight Simulator da ake saukewa kyauta daga Play Store, kuma da yawa cikin yaranmu da shi suka fara.

Na biyu shi ne ya fi cin mutane, domin ya gina shi a kan wani abu da yake gaskiya. Ya ce da jika 5 zai sa sunan mutum cikin kumbon NASA, wato hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya kuma ba shi takardar shaida mai kama da tikitin jirgi. Lallai NASA tana karɓar sunayen jama'a daga ko'ina a duniya. Motar bincike ta Perseverance, wadda ta sauka a duniyar Mars ranar 18 ga Fabrairun 2021, ta tafi da sunayen mutane kusan miliyan 11 da aka zana a kan ƴan ƙananan faifai, haka ma kumbon Artemis na farko da aka harba a Nuwamban 2022 ya ɗauki sunaye ya kewayo wata da su. Sai dai ba a taɓa karɓar ko dala a kan wannan ba. Mutum yana shiga shafin hukumar ne, wanda adireshinsa ke ƙarewa da nasa.gov, ya rubuta sunansa, takardar ta fito masa nan take. Da na duba takardun da ya raba, na tarar hoton tikiti ɗaya ne yake goge suna ya sa wani, har lambar da ke jiki ba ta canza ba. Wani dattijo a unguwar Zariya ya biya wa ƴaƴansa huɗu, ya sa aka buga takardun ya rataye a ɗaki don murna. Ban ji daɗin zaman da na yi ina yi masa bayani ba.

Na uku kuwa shi ne mafi muni. Ya gaya wa manyan ɗalibai cewa akwai gasar wasan da za a zaɓi mutum biyu daga Nijar a kai su birnin Houston na Amurka horon ƴan sama jannati, amma sai an biya jika 40 na rajista, an kuma turo hoton katin shaidar ɗan ƙasa da takardar haihuwa. NASA ba ta ɗaukar ɗan sama jannati sai ɗan Amurka, kuma da digiri mai zurfi da gwajin lafiya mai tsanani ake zaɓarsu, ba da ƙwarewa a wasan kwamfuta ba. Gasar da hukumar take shiryawa kowace shekara don jama'ar duniya, mai suna Space Apps Challenge, tun 2012 ake yin ta kuma shigarta kyauta ce. Ɗalibai uku na sani sun biya, ɗaya daga ciki ma akuyar mahaifiyarsa aka sayar. Kuɗin da ya tafi abin baƙin ciki ne, amma takardun da suka shiga hannunsa sun fi damuna, domin da hoton katin mutum ana iya yin wata damfarar da sunansa alhali yana gida bai sani ba.

Akwai alamomin da ya kamata mu lura da su tun da wuri. Bai taɓa yarda a kira shi ta bidiyo ba, kullum yana cewa yana wurin aiki. Kuɗin kuma ta kamfanin aika kuɗi ake tura su, zuwa sunaye daban-daban da yake cewa na ƙannensa ne. Yana matsa wa yara cewa guraben sun kusa cika, yana kuma roƙon su kada su gaya wa malam don kada sauran su yi hassada. Ranar da na tambaye shi a cikin zaure ya nuna mana sanarwar gasar a shafin NASA, a daren ya fita, ya toshe lambobinmu.

Bayan tafiyarsa an ƙwace WhatsApp ɗin wata ɗaliba, domin ya taɓa sa ta turo masa lambobi shida da suka shigo wayarta da sunan tabbatar da rajista. Yanzu ana amfani da sunanta ana aika wa ƙawayenta wannan tallar, kuma mun ji labarin ta isa Tasawa da Madarunfa. Wanda ya samu irin saƙon daga lambar da ya sani, ya kira mai lambar ya ji muryarsa kafin ya yarda.

Waɗanda suka sa manhajarsa su goge ta, su canza lambobin sirrinsu, su kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. Waɗanda suka biya kuɗi ko suka tura takardu kada su goge komai, su adana rasit ɗin aike da hotunan hirar da suka yi da shi, domin ƙasarmu tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, kuma da waɗannan shaidu ake shigar da ƙara. Ina roƙon iyaye, don Allah, kada ku doki yaran nan ko ku hana su wasan, domin tsoron faɗa ne ya sa wasunsu suka yi shiru har abin ya yi nisa. Mu da iyayen da abin ya shafa mun tsai da shawarar zuwa ofishin ƴan sanda tare ranar Litinin da safe, kuma duk wanda aka cuta yana iya zuwa da rasit ɗinsa a sa shi cikin ƙarar.