Wata takwas ina shan spironolactone: inda ya yi mini rana da inda ya ƙuntata mini

Shekara shida na yi ina fama da hawan jinin da ba ya jin magani. Ƙwaya uku nake haɗiya kowace safiya, amlodipine da lisinopril da wata 'yar ƙarama mai sa fitsari, amma duk ranar da na ɗaura na'urar awo sai ta nuna mini 165 bisa 102 ko kusa da haka. Har na fara zargin na'urar, na ɗauke ta zuwa wani kemis a nan Tudun Wada muka gwada da tasu. Ba ƙarya take yi ba.

Ba ma hawan jinin ne ya fi damuna ba, sharaɓata ce. Cikin dare sai ta ɗaure tamau kamar an ja igiya, in tashi ina ɗingishi a tsakar gida. Fitsari kuwa sau huɗu kafin asuba. A masallaci ina kallon dattawan da suka haife ni suna miƙewa daga sujada garau, ni sai na dafa ƙasa da hannu biyu.

Wata likitar ƙoda ce ta tsaya ta duba tsofaffin takardun gwajina, ta ga fotasiyam ɗina, wani sinadari a jini da tsoka ke aiki da shi, ya taɓa sauka zuwa 2.9, alhali ana son ya zauna tsakanin 3.5 da 5.0. A da an ɗora wa ƙwayar fitsari laifin, aka wuce wurin. Ita ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ta juya bayan katina ta zana ƙoda, ta ɗora mata 'yar hula a ka.

"Malam, ka ga wannan hular? Sunanta adirinal, kowace ƙoda da tata. Tana fitar da wani sinadari, aldosteron, wanda ke ba ƙoda umarni ta riƙe gishiri ta zubar da fotasiyam a fitsari. Duk inda gishiri ya zauna kuwa, ruwa na nan tare da shi."

Daga nan na fahimci sauran. Idan mutum ya yi zufa sosai, ko gudawa, ko ya zubar da jini, ƙoda kan saki wani sinadarin mai suna renin, shi ya tayar da anjiyotensin, shi kuma ya taso aldosteron, a tare gishiri da ruwa don kada jini ya faɗi. Rahama ce ga mai aikin rana a watan Afrilu. Ɓarnar tana zuwa ne idan hular ta daina jiran saƙo, ta yi ta zuba ba dare ba rana. Ruwa ya yi yawa a hanyoyin jini, awo ya hau, fotasiyam ya tsiyaye, tsoka ta rasa abin aiki. Wani likitan Amurka, Jerome Conn, ya bayyana wannan ciwo a 1955, shekara biyu bayan an ware sinadarin aldosteron ɗin kansa a 1953. Tsohon ilimi ne ke nan, ni ne dai bai iso gare ni ba sai da na yi furfura.

Gwajin tabbatarwa ya ba ni wahala, ba zan ɓoye ba. Sai da aka gyara fotasiyam tukuna, aka sauya mini wasu ƙwayoyin na 'yan makonni, sannan aka ɗebi jini da hantsi ina zaune. Wurin da na je ba sa yi a nan, Legas suka aika, suka ce kwana goma, ya zama kusan wata. Kuɗin ma ya ci aljihu. Sakamako ya dawo aldosteron a sama, renin a ƙasa can. Hoton ciki bai nuna ƙari a gefe ɗaya ba, wanda da tiyata za a yi magana, saboda haka aka ce magani.

To, ga maganin, spironolactone. Ƙwaya ce 'yar mitsitsiya, miligiram 25, sau ɗaya a rana bayan karin kumallo. Aikinta ta toshe ƙofar da aldosteron ke shiga ya ba ƙoda umarni. Satin farko ban ga komai ba, har na ce wa mai ɗakina an sake cin kuɗinmu. Ta ce, "Kai dai Malam ba ka da haƙuri." A sati na uku ɗaurewar sharaɓa ta ɗauke. Bayan wata biyu, da aka ƙara zuwa miligiram 50, awo ya zauna wajen 132 bisa 84, aka janye ƙwayar fitsarin nan. Ranar da na fara kwana ban tashi ba sai kiran assalatu, na daɗe zaune bakin gado ina mamaki. Ga araha kuma, idan aka kwatanta da sauran magungunan da nake saye, kuma ban taɓa nema na rasa ba a manyan shagunan magani na cikin gari.

Sai dai akwai abin da maza ba sa son faɗa, ni zan faɗa. A wata na biyar kan nonona na hagu ya fara zafi, ya ɗan tasa. Ko riga ta goge shi sai na ji. Na yi sati biyu ina nuƙu-nuƙu kafin na iya buɗe baki gaban likita, na ce, "Ranki ya daɗe, akwai wata magana." Ko gezau ba ta yi ba, ta ce sananne ne, domin maganin yana taɓa sinadarin mazantaka shi ma, mata kuma yakan rikita musu al'ada. Akwai ɗan'uwansa eplerenone wanda bai cika yin haka ba, amma da na tambayi kuɗinsa sai na ce a bar ni da zafin tukuna. An rage mini adadin, ya lafa, bai tafi duka ba.

Abu na biyu shi ne jelen gwaji. Maganin da ya hana fotasiyam zubewa yana iya tara shi ya wuce kima, musamman ga mai shan lisinopril irina ko mai raunin ƙoda, kuma fotasiyam mai yawa yana iya tsayar da zuciya ba sallama. Sati ɗaya da farawa aka ɗebi jinina, aka sake bayan wata, yanzu duk wata uku. An hana ni diclofenac da ibuprofen, waɗanda a da nake saye kamar gyaɗa idan baya ya riƙe. Shi ya sa da wani maƙwabcina ya ga na murmure ya ce in ɓallo masa ƙwaya biyar ya gwada, na ƙi. Ya yi fushi kwana biyu.

A kicin ma an yi gyara, don aldosteron da gishiri abokan tafiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin ɗunƙule da burodi da yajin tsire. Na ɗauka kanwa ba ta cikin lissafi, ashe akasarinta sodiyam ce, danginsu ɗaya da gishiri. Miyar kuka ta koma ta daddawa da citta da tafarnuwa, yara suna ta mita suna ɓoye gishiri a aljihu.

Idan maki zan ba shi, takwas cikin goma ne, biyun na cire saboda ƙirjina. Jibi Litinin ne ranar gwajina na gaba, kuma likita ta ce in zo da tambayar azumi a rubuce, don mu tsara ko da buɗa-baki zan riƙa sha kafin zafi ya kankama.