GARGAƊI: Mai sayar da "takardar Lugga" ya cuce ni N450,000 a Gusau

Jama'a, kwana uku ina rubuta wannan ina gogewa, kunya ta hana ni sakewa. Jiya da daddare wani ɗan uwa ya turo mini hoton da ya hana ni barci, shi ya sa yau dole in yi magana.

Naira dubu ɗari huɗu da hamsin. N450,000. Kuɗin waken suyana ne na bana, wanda na ce zan rufe ɗakin yara da shi kafin damina. Maman yara har yanzu dubu ɗari da hamsin na farko kawai ta sani.

Duk wanda ya san ni ya san ina tara tsofaffin takardu, musamman na soja. Abin daga kakana ya samo asali, Allah ya jiƙansa. Ya je yaƙin Bama a runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, ya dawo gida a 1946. Abin da ya bar mana shi ne ɗan littafinsa na sallama da lambar tauraron Bama wadda ƙyallenta ya koɗe, suna naɗe cikin ɗankwalin kakata a ƙasan adaka. Tun ina yaro nake buɗe adakar nan. Ba jiya na fara ba, kuma ba kwaɗayin riba ya kai ni ba. Ban taɓa sayar da ko ƙyallen takarda ba.

Mutumin a Facebook ya same ni, a ƙarƙashin wani rubutu da na yi kan yaƙin Kwatarkwashi. Ya yi sallama da ladabi, "Babban Yaya" yake ce mini daga farko har ƙarshe. Kuma ya san tarihin, wallahi ya san shi. Ya san a watan Fabrairu na 1903 aka yi karon, bayan Turawa sun ci Kano, lokacin da rundunar Kanawa ke dawowa daga Sakkwato. Ya san a nan Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi. Har sunan Laftanar Wright ya kawo, Baturen da aka ba lambar jarumta ta Victoria Cross saboda wannan karon. Ku gaya mini, mutum nawa ne a Gusau za su kawo maka sunan Wright da ka? Ni da nake wuce dutsen Kwatarkwashi kusan kowane mako, sai na ji kamar na samu ɗan uwa.

Ya fara sayar mini da anini uku da kobo mai huji guda biyu, masu tauraro, na zamanin Turawa. Naira dubu takwas. Na gaske ne, har yanzu suna hannuna, maƙwabcinmu Baba Malam, malamin tarihi, ma ya tabbatar. Wannan shi ne ƙugiyar, yanzu na gane. A'a, kafin kuɗin ma sai da ya turo mini hoton wata tsohuwa a kan gadon asibiti, ya ce mahaifiyarsa ce. Ko bayan kuɗin ne? Zan duba hirar, duk tana nan, ban goge ko harafi ɗaya ba.

Ranar da muka haɗu don cinikin takardar Lugga ita ce take ta dawo mini. Laraba ce, a tashar mota, an kira azahar. Shi ya ce mu fara yin salla tukuna, ciniki ya biyo baya. Sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗarsa na taɓa tawa. Da aka sallame ya daɗe yana addu'a. Muka koma inuwar wata rumfa, ya zaro wani tsohon fayil daga cikin jaka, ya buɗe shi a hankali da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri. Ya ce, "Babban Yaya, wallahi ba don jinyar tsohuwa ba, da ko miliyan aka ba ni ba zan rabu da ita ba. Kai na zaɓa don na san ba za ka wulaƙanta ta ba." Idonsa ya kawo ruwa. Na ga hawayen da idona. Kafaɗarsa na taɓa tawa a sahu, ta yaya zan kawo cewa ɓarawo ne?

Takardar wasiƙa ce da Turanci, wai Gwamna Lugga ne ya rubuta yana yaba wa sojojin da suka yi yaƙin Kwatarkwashi, da kwanan wata na Maris 1903, da sa hannunsa a ƙasa. Ya ce kakansa masinja ne a ofishin Razdan na Sakkwato, ta nan ta shigo gidansu. Launinta ya yi ja-ja, gefenta ya ɗan cinye, akwai alamar ninki huɗu. Dubu ɗari shida ya fara cewa, muka sauko zuwa ɗari huɗu da hamsin. Na tura masa dubu ɗari da hamsin a nan take, ya nuna mini alat. Sauran dubu ɗari uku bayan kwana biyu, ta hannun mai POS, zuwa wani asusu daban, wai na ƙanwarsa mai zaman jinya. Ɗari da hamsin, da ɗari uku. N450,000.

Masu cewa ban bincika ba, ku ji. Shekara 19 ina harkar hatsi, buhun da aka yi wa algus tun daga ɗinkin bakinsa nake gane shi. Na ɗaga takardar a rana. Na shafa ta. Na nemo hoton sa hannun Lugga a intanet na kwatanta, suka zo daidai, babu bambancin ko ɗigo. Wannan ne ya kwantar mini da hankali, ashe shi ne ya kamata ya tayar mini da shi, domin babu mutumin da yake sa hannu sau biyu su fito iri ɗaya sak. Daga wannan hoton aka kwafo shi.

Mako guda ina nuna wa mutane. Har gilashi na sa aka yanka mini zan rataye ta. Sai na kai wa Baba Malam, maƙwabcinmu, tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya. Ya sa tabarau, bai kai minti ɗaya ba ya cire, ya dube ni ya ce, "Ɗana, nawa ka ba da?" Gabana ya faɗi.

Ya sa yatsa a saman takardar, inda aka buga Royal West African Frontier Force. Ya ce rundunar ba ta samu kalmar Royal a sunanta ba sai a 1928, shekara 25 bayan kwanan watan da ke jikin wasiƙar. Ya sauko ƙasa, inda aka buga Lord Lugard a ƙarƙashin sa hannun. Ya ce shi ma muƙamin Lord a 1928 aka ba shi, a 1903 Sir ne, Babban Kwamishinan Arewa, kuma F. D. Lugard yake rubutawa. Sannan adireshin: Kaduna. Ya ce a lokacin hedikwata tana Zungeru, Kaduna ba ta zama babban birnin Arewa ba sai wajen 1917, kuma a watan Maris ɗin nan Lugga yana wajen Sakkwato, wadda aka ci ranar 15 ga wata. Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya ce in duba sa hannun da kaina. Ɗigo-ɗigo ne ƙanana na injin buga takarda, babu inda bakin alƙalami ya danna. Ya jiƙa yatsa ya taɓa gefe, launin ya biyo yatsan. Ruwan shayi ne. Da ruwan shayi aka karɓe mini N450,000.

A tsakar gidan Baba Malam na kira mutumin, wayar ta shiga. Ya ce, "Subhanallahi, Babban Yaya, ina asibiti, zan kira ka bayan magariba." Ban sake jin muryarsa ba. Ya toshe ni a WhatsApp, shafinsa na Facebook ya ɓace. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma rubuta wa banki.

Amma ba kuɗin ne suka hana ni barci jiya ba. Na manta ban faɗa ba, ranar da na biya cikon kuɗin, ko washegari, ya zo har ƙofar gidana. Ya sha ruwana. Ya roƙe ni in nuna masa littafin kakana don ya sa masa albarka. Na shiga na buɗe adaka da hannuna na fito da shi. Ya ɗauki hoton kowane shafi, yana cewa Allah ya jiƙan mazan jiya, ni kuma ina cewa amin. Jiya aka turo mini hoton littafin sallama da ake tallarsa ga wani a Birnin Kebbi kan dubu ɗari da ashirin. An canza suna, an canza gari, amma hatimin na kakana ne, rubutun hafsan da ya sa hannu shi ne, har tabon manjan da ke kusurwar shafi na biyu yana nan. Mutumin da ya bar iyalinsa ya tsallaka teku ya sha wuya a dajin Arakan na Bama, yau da littafinsa ake cutar bayin Allah, kuma ni na miƙa.

Kada ku biya ko sisi sai wanda ya san tarihi ya ga takarda ido da ido. Akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai Arewa House, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Kada ku bar kowa ya ɗauki hoton takardun gidanku.

Mutumin siriri ne, dogo, yana da tabon salla, Hausarsa tsaf. Ba zan sa sunansa ba tunda magana tana hannun hukuma, kuma na tabbata sunan ma ba nasa ba ne. Hotunan hirarmu da rasit biyu da hoton wasiƙar duk zan sa su bayan isha'i, sai na rufe lambobin asusu tukuna. Ɗan uwa na Birnin Kebbi, idan kana karanta wannan, kada ka tura. Littafin na ainihi yana cikin adaka a gidanmu.