Dusa ko harawa ga maraƙin da aka yaye?

Masu kiwo a Agege suna yawan tambayata wanne za su ba maraƙin da aka raba da nono.

Dusar alkama tana kusa, kamfanonin fulawa na Apapa ke fitar da ita, kuma tana sa ƙiba da wuri. Sai dai tumbin maraƙi bai ƙosa ba. In aka tula masa ita lokaci guda, zawo ko kumburin ciki ke biyo baya. Ga damshin Legas, buhun da aka ajiye a ƙasa nan da nan yake fumfuna.

Harawar wake daga Arewa ake ɗauko ta, kuɗin mota ya sa ta tsada, amma tana gina jiki, tana saba masa da tuƙa.

Mai neman ƙiba cikin 'yan watanni ya bi dusa sannu a hankali, haɗe da ciyawa. Mai rainon bijimi na shekaru ya daure ya sayi harawa.