Katin lafiya na kyauta a asibitin mazaɓa: inda yake aiki da inda yake cijewa

Mutane da yawa na riƙe da katin da ake duba su kyauta a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarsu, amma kaɗan ne suka san daga ina kuɗin ke fitowa. Tushensa Dokar Lafiya ta Ƙasa ce ta 2014, wadda Sanata Ifeanyi Okowa, likita, ya jagoranta lokacin yana shugaban kwamitin lafiya na Majalisar Dattawa, Shugaba Goodluck Jonathan kuma ya sa mata hannu. Sashe na 11 na dokar ya kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF, ya ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta yi shekaru a kan takarda. Sai a kasafin 2018 aka ware wa asusun naira biliyan 55 da 'yan kai, aka fara sakin kuɗin a 2019.

Yadda dokar ta raba kuɗin shi ne mabuɗin fahimtar abin da mara lafiya ke tararwa a bakin taga. Rabi na tafiya ta hannun hukumar inshorar lafiya domin biyan kuɗin duba masu kati. Kashi 45 na bi ta hukumar lafiya a matakin farko, don magani, allurai, gyaran gini da ma'aikata. Kashi 5 na taimakon gaggawa ne. Wato ƙofa biyu ce ke ciyar da asibiti ɗaya, kuma idan ɗaya ta tsaya, ana jin ta a ɗakin magani cikin 'yan makonni.

Rajista ba ta da wahala idan ana yi. Waɗanda ake nufi su ne mata masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da marasa galihu. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ce ke yin ta, kamar KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna. Ana zuwa da lambar NIN, a ɗauki hoto, a rubuta sunan asibitin da za a riƙa zuwa, wanda galibi ɗaya ne tal a kowace mazaɓa. Kuskure biyu ke yawan ɓata wa mutane lokaci: sunan da ke kan NIN ya saɓa da wanda aka faɗa wa mai rajista (Hauwa'u a can, Kulu a nan), ko kuma a ɗauka katin uwa ya rufe dukan yaranta. Kowane kai da rajistarsa. Ba kuma ranar da aka yi rajista ake fara amfani ba. Sai sunan ya fito a jerin da hukumar ke aika wa asibiti. Mai hankali ya koma ya tambayi shugaban asibitin ko sunansa ya iso, tun kafin ciwo ya zo.

Babban aibin wannan mataki shi ne ƙarancin gurbi. Kowace mazaɓa adadi ake ba ta gwargwadon kuɗin da ya samu, mabuƙata kuwa sun ninka shi sau da yawa. Inda kwamitin ci gaban mazaɓa ke da ƙarfi, kuma dagaci da limamai suka sa ido, sunayen kan faɗa hannun waɗanda suka cancanta. Inda aka bar wa 'yan siyasar unguwa takardar, sai ka ga mai shago na da kati, bazawara mai marayu huɗu ba ta da shi.

Inda tsarin ya fi burge mai lura shi ne awon ciki da ciwon yara. Mace mai kati tana samun awon hawan jini da nauyi, gwajin jini da fitsari, ƙwayoyin ƙarin jini, allurar rigakafin sandarewar jiki, da maganin kare zazzaɓin cizon sauro na masu ciki, ƙwaya 3 a haɗiye gaban ma'aikaciya, daga wata na huɗu, tazarar wata guda tsakanin kowane sha, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Wannan shan a gaban ma'aikaciya ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙwayar da aka ƙulle a bakin zane sau da yawa ba ta kaiwa ciki. Yaro mai zafin jiki kuma ana soka yatsarsa a ɗiga jinin kan 'yar robar gwaji, cikin kwata na awa a ga layi ɗaya ko biyu. Idan biyu ne, a ba shi maganin zazzaɓi na kwana 3, sha 6. Mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da suga haɗe da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke hana a kwana ana jijjiga da yaro, kuma a da kuɗinsu kaɗai kan sa uwa ta tsaya a kemis ta sayi rabin magani.

Ɗakin haihuwa shi ne ma'aunin gaskiya. Haihuwa kyauta ce ga mai kati, amma ingancinta ya dogara da abubuwa uku da ya kamata miji ko uwar miji su duba tun ciki na wata bakwai. Shin akwai ungozoma da daddare, ko asibitin ƙarfe huɗu yake tashi? Shin firij na aiki? Allurar tsayar da jini bayan haihuwa tana rasa ƙarfi idan ta daɗe cikin zafi, kuma zafin Afrilu a Arewa ba ya sassauta wa magani. Asibitin da ke da firij mai sola ya fi kwanciyar hankali. Na uku, shin akwai allurar taune-taune a ajiye? Mace mai kumburin ƙafa da ciwon kai da hawan jini ba ta jiran a je kasuwa a nemo. Idan aka ce wa mai naƙuda ta kawo safar hannu, auduga da ruwan wanke rauni, alama ce kuɗin gudanarwa da ake turo wa asibitin duk wata uku bai shigo ba, ko ya shigo an yi wani abu da shi. Kwamitin mazaɓa na da hurumin tambaya, domin da sa hannun shugabansa ake fitar da kuɗi daga asusun asibitin.

Ƙarewar magani ita ce ƙorafin da aka fi ji, kuma dalilinta a fili yake. Ana biyan asibiti ƙayyadadden kuɗi ne kan kowane mai rajista duk wata, ko ya zo ko bai zo ba. Farashin magani ya tashi sosai tun daga 2023, kuɗin kuwa ba ya tafiya da saurin kasuwa, wani lokaci ma ya makara. Sai damina ta kama, zazzaɓi ya yi yawa a Agusta da Satumba, kwalaye su ƙare, a rubuta wa mai kati takarda a ce ya saya a waje. Ba haka yarjejeniyar asibiti da hukumar taimakekeniyar lafiya take ba. Maganin da ke cikin jerin da aka amince, asibiti ne ke da nauyin samar da shi, kuma ya kamata a kai ƙorafi ofishin hukumar na ƙaramar hukuma da lambar katin da ranar da abin ya faru.

Wuri mafi rauni shi ne turawa babban asibiti. Tiyatar haihuwa, ƙarin jini da kwanciya na cikin abin da katin ke ɗauka, amma sai da takardar turawa daga ƙaramin asibiti da lambar izini daga hukuma. Wanda ya ɗauki matarsa kai tsaye zuwa babban asibiti ba takarda, galibi sai ya biya. Lambar izinin kuma na iya jinkiri da daddare ko ranar hutu, motar ɗaukar mara lafiya ba a ko'ina take ba. Shi ya sa yake da kyau a karɓi lambar wayar jami'in hukumar da ke zaune a babban asibitin tun ranar awon farko, a kuma shirya da wani direba a unguwa. Mutane kaɗan ne suka san sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.

A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda Sanata Ibrahim Oloriegbe na Kwara ta Tsakiya, shi ma likita, ya ɗauki nauyinta. Ta mayar da inshorar lafiya wajibi, ta kuma kafa asusu na musamman don marasa galihu, da burin kaiwa ga mutum miliyan 83. Rubutun dokar ya yi kyau ƙwarai. Sai dai gurbin rajista a mazaɓu bai faɗaɗa daidai da wannan buri ba, kuma a nan ne aikin 'yan majalisa na sa ido ya rage: su bi kuɗin daga Abuja har zuwa kantar ɗakin magani, su tambayi jihohi ina kason da ya kamata su ma su zuba.

Ga mai ciki da mai ƙananan yara, katin ya cancanci bin layi da komawa sau biyu. Ga dattijo mai hawan jini ko ciwon suga, awo da gano ciwo yana samuwa, amma ya tambaya tun farko ko maganinsa na wata-wata yana cikin jerin jiharsa, domin jihohi sun bambanta a kan wannan.