Sharhi Kan Tempo Follower Bayan Wata Shida Ina Aiki da Makaɗan Kalangu a Legas

Ni mai kiɗan fiyano ne a Agege, kuma yawancin aikina a wuraren bukukuwan Hausawa yake, daga unguwarmu zuwa Idi-Araba da Obalende. Wannan sharhina ne kan Tempo Follower, wani sashe na manhajar kiɗa da ke sa kwamfuta ta bi saurin makaɗi. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haɗa kiɗan da na shirya a kwamfuta da na makaɗan kalangu a fili ɗaya. Kwamfuta ba ta ƙara sauri ba ta ragewa, shi kuwa makaɗi da zarar ƙawayen amarya sun shigo fili an fara liƙi, sai hannunsa ya ƙara zafi ko bai yi niyya ba. Idan na ajiye kiɗana a bugu 104 a minti ɗaya, makaɗi ya haura zuwa 108, to cikin daƙiƙa 15 kacal sun saɓa da bugu guda cur, kuma duk mai rawa zai ji hakan a ƙafarsa.

Da farko na bi hanyar da aka saba, wato a sa wa makaɗi abin saurare a kunne yana jin ƙararrawar awo yana bin ta. Dattijon da ke jagorantar makaɗanmu ya jure mako biyu, sannan ya cire ya miƙo mini, ya ce, “Ɗana, ni fili nake kallo, ba ƙarfe nake saurare ba.” Na ga gaskiyarsa, domin kiɗan ya daidaita amma armashinsa ya tafi.

Wannan ne ya kai ni ga Ableton Live, manhajar haɗa kiɗa ta wani kamfani da ke Balin ta ƙasar Jamus, wadda ta fara fitowa a 2001. A fitowa ta 11, wadda aka saki a Fabrairun 2021, an ƙara mata wani sashe mai suna Tempo Follower. Aikinsa shi ne ya saurari sautin da ke shigowa ta makirufon da ka zaɓa masa, ya gano saurin bugun, sannan ya riƙa ɗaga ko sauke saurin manhajar yadda za ta bi mutum maimakon mutum ya bi ta.

Inda na fi ɓata lokaci, kuma inda nake ganin duk nasarar take, shi ne zaɓen gangar da za a ba shi ya saurara. Na fara da babban kalangu saboda shi ne uban tafiya, amma wannan kuskurena ne. Kalangu magana yake yi: makaɗi yana matse tsarkiya yana saki, yana jan kirari, yana tsallake bugu da gangan don ya amsa wa maroƙi, kuma ba daidai ba ne a nemi awo daga bakin mai magana. Da na mayar da makirufon gaban kuntuku, ƙaramar gangar da yaron makaɗi ke riƙe tafiyar kiɗa da ita ba tare da ado ba, sai al'amarin ya zauna. A wani kamu a Idi-Araba na zuba wa lambar saurin bugu ido tana hawa sannu a hankali daga 104 har 112, sannan ta sauko lokacin da iyaye mata suka shigo, alhali ban taɓa komai ba kuma babu wanda ya lura cewa akwai kwamfuta a cikin kiɗan.

Dole ne makirufon ya matso jikin gangar sosai, kuma ya ba lasifika baya. Ɗakunan biki a Legas cike suke da ƙarar janareta da amsa-kuwwa, kuma idan sautin da kwamfuta ke fitarwa ya dawo cikin makirufon, to kanta za ta riƙa saurare, ba makaɗi ba. Haka nan duk muryar 'yan amshi da na naɗa sai na kunna mata Warp, wanda ke miƙa sauti ko ya tsuke shi ba tare da muryar ta canza kauri ba, kodayake na fi son in naɗe ta kusa da saurin da za a yi waƙar, saboda kowane sauti yana da iyakar jan da zai ɗauka.

Shigar da kiɗa a kan bugun farko har yanzu da hannuna nake yi, ina kallon kafaɗar dattijon. Idan kuma ya tsaya cak don a yi wa ango kirari, nakan kashe Tempo Follower, in jira, in buga maɓallin Tap, wanda ake saita saurin manhajar da shi da hannu, sau huɗu daidai da kuntuku idan sun dawo, sannan in sake kunnawa. Ga mai aiki da makaɗan gargajiya ina ba da shawarar Tempo Follower ba tare da wata tantama ba, da sharaɗin ya ware yini guda na gwaji tare da yaron da ke riƙe kuntuku kafin ya kai shi gaban jama'a.